Kwanan da na ƙi yi a Serti

Takardar tana nan a aljihun mota har yau, na kasa yar da ita. Da hannuna na rubuta: Jalingo kwana biyu, Gembu kwana uku, Serti kuma "tsayawar sallah da shan mai". Wannan layi na ƙarshe shi ya cinye mana kwana biyu, ya ƙona mini inji, ya kuma hana mu ganin abin da ya fi jan hankalina tun farko.

Mu uku muka tafi Gembu, a saman tsaunin Mambila na Jihar Taraba, a ƙarshen Oktoba, ni da ƙanena da wani abokina. Kusan mako uku na yi ina tsara tafiyar, har da alfahari. Daga Kano zuwa Gombe, Kaltungo, Numan, har Jalingo babu wani labari. Tsarin nawa dai na mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne: ka duba nisa, ka raba da gudun mota, ka ce ƙarfe kaza mun isa. Sannan na tara kwanakin a birni, don can ne otal da banki suke, ƙananan garuruwan kuwa na mayar da su wurin wucewa. Jalingo ba ta yi mana laifin komai ba, amma abin da muka gani a cikinta hantsi ɗaya ya ishe shi.

Taswirar waya ta ce mini awa shida da ɗoriya zuwa Gembu, don haka sai ƙarfe 11 muka bar gari, bayan mun karya a tsanake. Waya ba ta san ramuka ba, ba ta san shingayen bincike ba, ba ta san ranar kasuwa ba. Muka wuce Garba Chede, muka wuce Bali, ba mu shiga Serti ba sai bayan la'asar. A bakin tasha wani dattijon direba ya dubi lambar motarmu, ya tambayi inda muka nufa. Da na ce Gembu, sai ya ɗaga kai ya kalli sama.

"Yarona, ku kwana nan. Dutsen nan da safe ake hawansa."

"Baba, ai mun riga mun kama ɗaki a can," na ce.

"To, Allah Ya kiyaye hanya."

Bai ƙara ko kalma ba. Wannan "to" ɗin tasa har yanzu ina jin ta a kunne.

Daga Mayo Selbe hawan yake farawa. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya sani cewa Mambila ba tudu ba ce irin ta hanyar Jos da kake hawa kana hira. Saman nata ya kai kimanin mita 1,600, kuma yawancin tsayin a 'yan kilomitoci kaɗan ake cinye shi, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, wai don ladan da ake biyan 'yan dako ke nan a zamanin sulalla. Sule biyu da sisi! Ni da na hau a mota ma na ga an cuce su.

A Kano damina ta riga ta ɗauke, ni a zatona ko'ina haka ne. A can kuwa ruwa yakan kai har Nuwamba. Muna tsakiyar hawa hazo ya sauko, irin wanda fitila ke dukan sa ta dawo maka, sai yayyafi, sai duhu. Ni kuma don sauri na ƙi sauko da giya, ga na'urar sanyi a kunne don gilashi na yin gumi, ga kaya maƙil a but. Ƙanena ne ya fara cewa, "Yaya, allurar nan ta hau fa." Kafin in sami inda zan raɓe, lagireto ya tafasa. Muka jira ya huce, muka ɗura masa ruwan shanmu, sai na yi wauta ta biyu, wadda ta farko ce ta haife ta: na ci gaba da tafiya, saboda tsoron kwana a bakin kwazazzabo. Da ina da rana a gabana da na zauna awa biyu ban damu ba.

Wata tsohuwar Land Rover, irin waɗanda har yanzu suke aikin dako a can, ita ta ja mu zuwa Maisamari wajen ƙarfe 10 na dare. Sanyin kuwa ba a magana. Rigunan sanyinmu na hunturun Kano ne, ba su tsinana komai ba. Wani mai shago ya buɗe mana ɗakin baƙinsa, ya kawo barguna da shayi mai zafi, ya ƙi karɓar ko sisi. Kalma ɗaya ta Fulatanci na koya a daren, "useko", wato na gode, kuma na faɗe ta ya fi sau ashirin. Da safe bakanike ya ce gaskit ya ƙone, sai an aiko da shi daga Jalingo a motar haya. Kwana biyu. Kuɗin gyaran ya isa mu kwana mako guda a Serti, mu ci nama kullum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Gashaka-Gumti. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, a yankinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan, mita 2,419. Hedikwatar gandun kuwa a ina take? A Serti. Garin da na rubuta wa "sallah da shan mai". Na tsara za mu shiga a hanyar dawowa, sai kwanakin suka tafi a gaban gareji.

Sauran ya yi kyau, ba zan yi butulci ba. Tuddai kore shar babu iyaka, shanu ƙosassu, itatuwan turare a jere, gonar shayi ta Kakara da layukanta kamar an yi musu aski, ayaba da fiya araha a Nguroje, kogin Donga a ƙarƙashin Gembu. A can na fahimci dalilin da ya sa ƙaramar hukumar take amsa sunan Sardauna: yankin yana cikin Arewacin Kamaru ta Ingila da ta zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar 1961, aka kira ta Lardin Sardauna. Amma duk inda muka tsaya, ina ƙirga awa ɗaya, biyu, ina tuna Serti.

In za ka je, cire kwana ɗaya daga birni ka ba garin da ke gindin dutse. Ka cika tanki a ƙasa, ka riƙe tsabar kuɗi don sabis yana ɗaukewa, ka sa jarkar ruwa daban domin mota, ka ɗauki bargo ko da a watan zafi ne. Duk awannin da waya ta ba ka, ƙara rabinsu a kai. Ka fara hawa da hantsi, a giya ta biyu, ko ta ɗaya in ta kama. A gangara ma giyar ce za ta riƙe ka, wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai ji ƙaurinsa kafin Mayo Selbe.

Mun sauko da safe, lafiya lau, muka shiga Serti da azahar. Ƙanena ya ce mu leƙa tasha mu gaida Baba. Na ce lokaci ya ƙure. Ƙarya nake yi, kunya ce. Sai da muka kusa Bali abokina ya daina dariya.