Tarihin Rayuwata a Rasha, Kashi na 9: 'Yar Tulun

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan makon. Masu turo saƙo suna cewa na cika ja musu rai ku yi haƙuri wlh aiki ne ya sha kaina. Wancan satin mun tsaya a inda kuɗin tikiti ya gagara, Baba ya kira ni yace Uwata bana sai dai ki yi haƙuri ki yi hutunki a can, to haka na zauna a Irkutsk hutun bazarar 2012 gashi azumi ya kama, kuma azumin Saiberiya a wannan lokacin ba wasa bane, rana ta ƙi faɗuwa sai kusan goma na dare, kafin ka gama shan ruwa ka ɗan miƙe ƙafa har sahur ya taso.

Hostal ɗin ya watse kowa ya tafi gida, saura mu ƙalilan a benenmu. 'Yar ɗakinmu ita ma bata tafi ba saboda tana aikin koyo a asibiti, kun dai tuna ta, wadda na ce muku ta koya min cin baƙin biredi da kifin omul. 'Yar Tulun ce, wani ƙaramin gari a jihar Irkutsk ɗin, kusan kilomita 400 daga inda muke, garin haƙar kwal a bakin kogin Iya. Tunda aka fara Olamfik ta Landan bata da zance sai na wata yarinya 'yar garinsu mai suna Natalia Vorobieva, wai 'yar kokawa ce, wai tun tana shekara goma take kayar da yara maza a unguwa. Ni dariya ma abin ya bani. Mace da kokawa? Ni fa a gidan kokawa na tashi, Baba ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi, duk shekara in ana gasar takobi a Nijar rediyonsa baya barin kunnensa, tun zamanin su Kantu ya san kowane zakara da jiharsa, amma ko sau ɗaya ban taɓa jin an haɗa kalmar kokawa da mace a gidanmu ba.

Ranar 9 ga Agusta ne a Landan, mu a wajenmu dare ya tsala har an shiga washegari. Na tashi ɗumama shinkafar sahur a kicin ɗin da muke haɗawa, sai na tarar da ita a tsugune gaban wata tsohuwar talabijin da ɗaliban bara suka bari, ta rufa da bargo duk da ba sanyi, tana cizon farce. Tace zo ki zauna, Natasha, wato Natalia, ta kai wasan ƙarshe. A hanya ta kayar da Guzel Manyurova, wadda ita ma asalinta 'yar Rasha ce har ta ciyo musu azurfa a Atina 2004 kafin ta koma yi wa Kazakistan wasa, sannan ta danne Wang Jiao ta ƙasar Sin mai riƙe da zinaren Bejin. Saura Stanka Zlateva ta Bulgeriya, wadda sau biyar tana zama zakarar duniya, ta kusa shekara talatin, zinaren Olamfik ne kawai ya rage mata a duniya. Ita kuwa Natalia shekararta 21.

Lokacin dokar wasan daban take da ta yanzu, turmi uku ake yi kowanne minti biyu, wanda ya ci biyu shi ya ci. Zlateva ta cinye turmin farko cikin natsuwa irin ta wadda ta saba, 'yar ɗakinmu har ta fara hawaye tana zagin alƙali da yarensu. Ana shiga turmi na biyu ban ma ga yadda aka yi ba wlh, kawai sai gani nayi babbar ta kife, yarinyar ta haye ta ta danne kafaɗunta biyu a katifa, alƙali ya kwanta yana leƙe ta ƙasa, ya ɗaga hannu ya buga katifar da tafinsa. Shikenan wasa ya ƙare. A wannan kokawar in an manna kafaɗunka biyu a ƙasa ba a sake duba maki ko turmi, ko da kai ke gaba. Ihun da 'yar ɗakinmu ta ƙwalla sai da tsohuwar da ke gadin ƙofar hostal ta hauro bene da silifas tana faɗa, da aka gaya mata abinda ya faru ita ma ta rungume mu. Shinkafata kam ta ƙone ƙurmus, da shayi da biredi na ɗauki azumin ranar. Natalia ce mace ta farko da ta ciyo wa Rasha zinaren Olamfik a kokawa, aji kilo 72.

Da na ba Baba labari a waya shiru yayi, sannan yace "Uwata karatu na tura ki ko kallon mata suna dambacewa?" Nace Baba ai kayarwa tayi irin taku ta gargajiya, ba maki aka ƙirga ba. Sai naji muryarsa ta canza yace kayarwa? bayanta ya taɓa ƙasa? Nace har kafaɗu biyu. Yace to wannan ta iya. Umma kuwa daga gefe ina jiyo ta tana cewa a'uzubillahi, kada in sake in ga kin sa irin kayan nan nasu. Kuma gaskiya ni ma kayan basu taɓa kwanta min ba har yau, matsattsu ne ƙwarai, amma in ka zauna ka kalli wasan minti biyu mantawa kake da kaya, wuya da ƙugu da ƙafa kawai kake bi da ido.

Hutun sanyin da ya biyo baya 'yar ɗakinmu ta matsa min sai na bi ta garinsu. Jirgin ƙasa muka hau, layin nan da ya ratsa Saiberiya gaba ɗaya, awa shida da wani abu muna kallon dusar ƙanƙara da itatuwa ba iyaka. Tulun gari ne na gidajen katako da hayaƙin murhu, ba wani abin kallo, amma hoton Natalia har a shagon biredi. Ita bata nan, tun tana 'yar shekara goma sha wani abu ta koma Sant Fitasbag wajen horo, don haka masu tambaya ko na ganta ido da ido, a'a ban ganta ba. Abinda na gani shine ƙanwar 'yar ɗakinmu da sa'o'inta a ɗakin horo, yara mata 'yan shekara tara zuwa sha uku sun cika katifa maƙil, iyayen ma suna cewa tun bayan Landan ba wurin saka ƙafa. Ɗakin warin zufa da roba yake, tagogi sun yi raɓa, a waje sanyi ya wuce talatin ƙasa da sifili amma su zufa ke ɗiga daga haɓarsu. Na ga wata ƙarama ta kafa goshinta da tafin ƙafa a katifa ta gantsare tana lilo gaba da baya, wai ƙarfafa wuya ake, don ranar da aka kifar da kai wuyan ne zai hana kafaɗa taɓa ƙasa. Yatsunsu duk a naɗe da filasta, wata kunnenta har ya fara kumbura ya murɗe. Ni da nake karatun likita sai lissafin ƙashin wuya nake a raina ina salati, su kuwa ko a jikinsu.

Daga nan na zama 'yar kallo ta sosai, har na fi 'yar ɗakin namu bin labari. A 2013 aka so a cire kokawa gaba ɗaya daga Olamfik, hankalin kowa ya tashi a can, sai a watan Satumba aka dawo da ita, amma da sharaɗin gyara. Aka soke tsarin turmi uku aka koma biyu na minti uku-uku ana tara maki, aka tsananta wa mai gudun kamu, in alƙali ya ga kana noƙewa sai ya baka daƙiƙa 30 ka ci maki ko a ba abokin karawarka ɗaya. Ajin mata a Olamfik ya tashi daga huɗu zuwa shida, sai dai kilo 72 ɗin Natalia ya ɓace, ya zama ko ta sauka 69 ko ta hau 75. Ta sauka. Kilo uku a bakin mai faɗa ba komai bane, amma a jikin da ba kitse sai tsoka da ruwa ake biyansa. A gasar duniya ta 2013 a Budafes azurfa ta samu, 2014 a Tashkent tagulla, sai 2015 a Las Vegas ta ɗauki zinaren duniya a kilo 69. Kowa ya sa a ransa Olamfik ta Riyo ta 2016 tata ce.

Hutun 2016 Allah ya hore kuɗin tikiti na taho gida. Kun tuna tun kashi na 7 nake baku labarin ɗan ƙanwar Baba da ake ta maganar aurena da shi, to shekara kusan uku kenan ina ta kauce-kauce, in an taso da zancen ince jarabawa, in an sake ince sai na gama aikin asibiti, ban ce eh ba ban ce a'a ba. Tunda na sauka ba wanda ya tayar min da maganar, ni kuma na ɗauka na sha.

Daren 17 ga Agusta aka ɗauke wuta, Baba da kansa yasa ƙanena ya tada janareta, wai bari ya ga 'yar garin ƙawar Uwata da ake ta zuzutawa. Muka baje a tsakar gida da talabijin a kan benci, Umma ta juya mana baya tana tsince shinkafa amma ina lura tana satar kallo. Daren Japanawa ne wannan. Eri Tosaka ta fara ƙwace zinare a daƙiƙun ƙarshe, sannan Kaori Icho ta yi wa wata 'yar Rasha Valeria Koblova irin haka, ta ci zinarenta na huɗu a jere. Sai aka kira Natalia da Sara Dosho, wata gajeriya mai faɗin kafaɗa, 'yar shekara 21, daidai shekarun Natalia a Landan.

Natalia ta tara maki biyu, ɗaya-ɗaya, ba don ta ɗaga kowa ba. Ina murna ina tafi, Baba kuwa ya ɓata rai yana girgiza ƙafa. Yace "wannan ce mai kayarwar? ai tsaye take tana jiran agogo." Nace Baba ku bari mana tana gaba fa, saura kaɗan. Ban rufe baki ba Dosho ta nutse ƙasa ta cafki ƙafarta ta kai ta katifa, maki biyu lokaci ɗaya, saura abinda bai fi rabin minti ba. Aka tashi biyu da biyu, aka ɗaga hannun 'yar Japan. Ƙanena ya miƙe yana cewa cuta ce ai kunnen doki aka yi, sai da na yi masa bayani cewa in maki ya zo ɗaya wanda yayi kamu mafi tsada shi ake ba, biyu a dunƙule ta fi ɗaya da ɗaya. Baba yace ko ba dokar Turawa, a filin Maraɗi ma wadda ta kai wata ƙasa ita ta ci. Ban so ba amma gaskiyarsa ce, Natalia ta Landan da ta ga an ci ta turmi ta afka, ta Riyo da ta ga tana gaba ta tsaya gadin abinda ke hannunta.

Bari in ɗan yi gaba saboda nasan za ku tambaya a ƙasa. Bayan Riyo ta ajiye wasa ta haihu, mutane suka ce ta gama. A ƙarshen Yunin 2019 kogin Iya ya cika ya shanye Tulun, mutane sama da 20 suka rasu a yankin, gidan kakar ƙawata da na kwana a ciki har rufinsa ruwa ya kai, ta turo min hoton ina wajen aiki na kasa cin abinci ranar. Wata uku bayan haka Natalia ta je Nur-Sultan ta sake ɗaukar zinaren duniya a kilo 72, ta doke Alina Berezhna ta Yukiren a wasan ƙarshe. A Olamfik ta Tokyo kuma ba ajin kilo 72, sai ta hau kilo 76 cikin manya, kuma 'yan Rasha ko tutarsu ba a bari sun ɗaga ba, a zagayen kwata wata 'yar Kirgistan Aiperi Medet Kyzy ta fitar da ita. A wannan gasar ce tamu Blessing Oborududu ta ciyo wa Najeriya azurfa a kilo 68, Baba ne ma ya riga ni sani ya kira ni da sassafe.

To mu koma tsakar gidanmu. An kashe janareta, ƙanena ya kwashi talabijin ya shige, Umma ta tashi da farantinta tana cewa Allah ya shirya. Na miƙe zan naɗe tabarma sai Baba yace Uwata zauna. Ya ɗan jima yana jan carbi sannan yace "kin ga yarinyar nan abinda ya kayar da ita ko?" Nace na gani Baba. Yace "to ke ma shekara uku kenan kina jiran agogo. Jibi bayan la'asar baffanninki za su zo da mutanen gidan gwaggonki, ni ba zan miki dole ba, amma a gabansu za ki buɗe baki ki faɗi eh ko a'a."

Abinda na faɗa a gaban baffanni, da dalilin da yasa gwaggo ta fita ba sallama har ta manta da mayafinta a ɗakin Umma, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.