Digirin hulɗar ƙasa da ƙasa a Gana: wanda bai da Faransanci zai biya daga baya

Na karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Gana da ke Legon, na karkata ga hulɗar ƙasa da ƙasa, na yi hidimar ƙasa ta shekara guda, kuma har gobe ina alfahari da wannan karatu. Amma duk ƙanen da ya tare ni a unguwannin Zango irin su Nima ko Madina ko Aboabo yana son ya san yadda ake zama jami'in diflomasiyya, kafin mu taɓo maganar jami'a sai na tambaye shi ina Faransancinsa ya tsaya. Mafi yawansu tun ƙaramar sakandare suka rabu da shi. Abin yana ci mini rai, domin na san irin kuɗi da lokacin da zai ci musu nan gaba.

Hanyar shiga ba ta da wani sirri. Ana haɗa makin darussa shida na WASSCE, uku na dole da uku na zaɓi, ƙaramin jimla shi ne mai kyau, kuma D7 ba ya shigar da mutum. A Legon ta sashen kimiyyar siyasa ake bi, a haɗa ta da wasu darussa biyu a shekarar farko, daga baya a rage. Cibiyar LECIAD ta nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa da diflomasiyya a Legon, da aka kafa a 1989, wadda kowa ke jin sunanta, karatun gaba da digirin farko take bayarwa. A Kumasi kuwa akwai sashen tarihi da nazarin siyasa na jami'ar KNUST. Inda ake yin asara shi ne wajen cike fom. Yaro zai zauna a shagon intanet, idonsa yana kan kimiyyar siyasa kawai, sauran darussa biyun ya ɗauki duk haɗin da ya fi sauƙin samu. Wanda ya yi Faransanci a babbar sakandare, don Allah ya nemi haɗin da ke da Faransanci a ciki, ko da zai ɗan taɓa masa maki. Zaɓin minti biyar ne, amma shi zai bi ka shekaru.

Karatun kansa da Turanci ake yin sa daga farko har ƙarshe, kuma za ka iya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, wato matsakaicin maki 3.60 zuwa sama cikin 4, ba ka karanta layi ɗaya da wani harshe ba. Za a koya maka mazhabobin fannin: masu ganin ƙarfi da muradin ƙasa ne ke juya duniya, masu ganin hukumomi da kasuwanci suna rage yaƙi, da masu ganin aƙida da yadda ƙasashe ke kallon juna su ne tushe. Za ka san yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci da ta 1963 kan ƙananan ofisoshin jakadanci, da manufofin wajen Gana tun daga Nkrumah. A jarrabawa haddar sunayen mazhabobi ba ta kawo maki. Ana so ka ɗauki lamari ɗaya, misali ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS, wadda suka sanar a Janairun 2024 ta kuma tabbata a Janairun 2025, ka nuna abin da kowace mazhaba za ta iya bayyanawa da inda za ta gaza. Shekaru biyun ƙarshe sun fi nauyi a lissafin sakamako, saboda haka kada ka ƙare ƙarfinka a siyasar ɗalibai a daidai lokacin.

Wurin rubuta kundin kammala karatu ne giɓin ya fara bayyana. Ɗan Zango yana da batutuwan da babu wanda ya kai shi kusanci da su. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, wadda ta ba marasa takardar zama mako biyu su fita, iyayenmu da kakanninmu ta taɓa. Haka korar 'yan Gana daga Najeriya a 1983, haka yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza. Ni a kan wannan yarjejeniya na yi nawa, ta fuskar fataken albasa da ke sauko da kaya daga Nijar su ratsa Burkina su shigo ta garin Paga na kan iyaka. Hira da su ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Da Hausa muka yi, suka buɗe mini ciki yadda ba za su yi wa mai tafinta ba: shinge nawa ne a hanya, me ake biya da rasit, me ake biya ba rasit, kwana nawa mota ke yi kafin albasa ta fara ruɓewa.

Sai malamin da ke duba aikina ya nemi ɗaya ɓangaren, kuma da gaskiyarsa: me dokar kwastan ta waɗancan ƙasashe ta ce, me rahotannin hukumominsu da jaridun Yamai da Wagadugu suka rubuta? Duk da Faransanci suke. Manhajar fassara tana iya ba ka hasken labarin jarida, amma a rubutun doka takan sauya ma'anar sharaɗi ba ka sani ba, kuma ba za ka iya kare abin da ba ka karanta da idonka ba. Dole na taƙaita binciken ga abin da ke faruwa a ɓangaren Gana. Kundin ya samu maki mai kyau, amma ni na san rabin aiki ne, kuma har yau idan na tuna sai na ji ɗaci.

Bayan hidimar ƙasa abin ya fito fili. Na je ganawar neman aiki a wata ƙungiya mai aikin sasanta rikici a yankin, ana cikin magana ɗaya daga cikin masu tambayar ta juya harshe zuwa Faransanci, daga nan komai ya tsaya. Ba zalunci suka yi ba. Dubi taswira: Kodebuwa a yamma, Burkina Faso a arewa, Togo a gabas, duk ƙasashe ne masu aiki da Faransanci. ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975 da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal take aiki. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya harsunan aikinta biyu ne, Turanci da Faransanci. Sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, AfCFTA, tana nan Akra tun 2020, cibiyar horar da masu wanzar da zaman lafiya ta Kofi Annan tana Teshie, kuma mutanen da ke zuwa waɗannan wurare daga ko'ina cikin nahiyar suke. Abokin takararka ɗan Lome ne ko Kwatano da ke jin harsunan biyu. Ko Nijar da ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025 ba ta fitar da Faransanci daga harsunan aiki ba.

Larabcin makarantar allo da Islamiyya jari ne, yana cikin harsuna shida na Majalisar, kuma ana koyar da shi a Legon. Sai dai wanda ya iya karanta littafin fiƙihu ba lallai ya iya rubuta rahoton taro ba, wannan ma sai an sake zama. Kuma a Afirka ta Yamma ba ya maye gurbin Faransanci.

Ga yadda zan tsara wa duk wanda zai fara yanzu. Ka yi rajista tun shekarar farko a cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française, suna Akra suna Kumasi, ko a Ghana Institute of Languages. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗalibi yana da rana a hannunsa, ma'aikaci kuwa sai ajin dare bayan cunkoson tirotiro, yana gyangyaɗi, yana biya daga albashin da bai kai ya kawo ba. Haka na yi nawa, ban so kowa ya yi irinsa. Abin da za ka sa a gaba shi ne shaidar ƙwarewa a Faransanci ta DELF, mataki na B2, wato na huɗu cikin matakai shida na iya harshe, domin ita ce ake yarda da ita, kuma ba ta tsufa. Daga sifili zuwa B2 ana ƙiyasta awa 500 zuwa 600 na darasi. Idan ka raba su a shekaru huɗu, kimanin awa uku ne a mako. Idan ka matse su bayan ka gama jami'a, ga haya ga neman aiki, yawanci a tsakiya ake yankewa.

Jarrabawar kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, amma duk kashin da ka samu ƙasa da 5 ya kayar da kai ko nawa ka tara a sauran. 'Yan Gana a saurare muka fi faɗuwa, saboda nahawu muke haddacewa a takarda, kunne bai saba da saurin maganar ba. Maganinsa mai arha ne. Ka saurari labaran RFI Hausa, sannan ka bi da labaransu na sauƙaƙƙen Faransanci, minti goma ne, tunda ka riga ka san abin da ya faru kunnenka zai kama kalmomin. A dogon hutu ka hau motar Aflao, awa uku zuwa huɗu ce daga Akra, kana tsallaka iyaka kana cikin Lome. Idan kana da dangi a can ka sauka wurinsu, amma ka roƙe su kada su yi maka Hausa, in ba haka ba za ka dawo yadda ka tafi. Ka zana B1, matakin da ke ƙasa da B2, kafin ka shiga shekara ta uku, yadda lokacin zaɓen batun kundi zai same ka kana iya karanta takardun ƙetaren iyaka da kanka, B2 kuma kafin a fitar da sunayen hidimar ƙasa.