Wasiƙa daga gindin tsaunukan Faransa, ga masu tambayata wajen zamiyar ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'ar gida, na Birnin Kudu da ƙauyukanmu na kewaye. Ina gaida iyaye da yayye, da fatan amfanin gona ya shiga rumbu lafiya. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Tun ranar da na sa hoton nan a Facebook, ina tsaye cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, wayata ba ta huta ba. Ɗan Baffana da ke karatu a Turkiyya ya tambaye ni sau uku wane dutse zai je, wani ɗan ajinmu mai aikin jinya a Ingila yana son kai iyalinsa hutun hunturu, Inna kuwa cewa ta yi a tambaye ni me ya kai ni kan dutse da sanyin nan. Zan amsa muku gaba ɗaya: wajen, kuɗin, abinci da takardun tafiya.

Shekarata huɗu a Grenoble, birnin da tsaunukan Alps suka sa a tsakiya. Wasan da kuka gani, mutum ne ke ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, kujerun da ke tafiya a jikin waya su hau da shi sama, sannan ya zamo ƙasa. Duk wanda ya taɓa zamiya a kan falalen dutse a garinmu har wandonsa ya ɓule ya san daɗin abin. Bambancin shi ne sanyi, kuma a kansa zan fara, don shi ne abin da hoto ba ya nunawa.

Sanyin hunturunmu, wanda ke sa tsofaffi kewaye wutar kara da asuba, yawanci wajen 10 zuwa 12 yake tsayawa a ma'aunin zafi. Nan kuwa ƙasa da sifili ake magana. Ƙa'idar ita ce duk mita 1,000 da ka hau, ma'aunin na sauka da kusan 6 da rabi. Grenoble tana wajen mita 200 daga matakin teku, ƙololuwar Chamrousse inda na ɗauki hoton tana mita 2,250. Ke nan idan ka baro gari da safe ma'auni na kan 2, a sama za ka tarar da shi wajen 11 ƙasa da sifili, tun iska ba ta sa hannu ba. Don ku gane tsayin, Dutsen Dala na Kano mita 534 ne daga matakin teku.

Zuwana na farko, safar auduga biyu na sa, irin wadda ake samu a gwanjon Ƙofar Wambai, da babbar rigar sanyi guda ɗaya mai nauyi. Na yi gumi wajen koyo, audugar ta sha gumin ta riƙe, da na zauna kan kujerar waya iska ta buga ni sai jiƙar ta koma kamar an liƙa min ƙarfe a baya. Yatsun ƙafata suka daina amsa ni. Da na shiga ɗaki mai ɗumi jini ya fara komawa cikinsu, zafin da na ji ya fi harbin kunama, wallahi sai da hawaye ya zubo min. Wata dattijuwa mai bayar da hayar takalma ce ta kama hannuna ta hana ni kanga ƙafar a jikin na'urar ɗumama ɗaki, ta ce fatar da ta mutu da sanyi ba ta jin ƙuna sai ta ƙone. Ita ta koya min sa kaya hawa uku: na jikin fata wanda ba auduga ba, na tsakiya mai ɗumi irin na ulu, na waje mai tare iska da ruwa. Safa ƙwaya ɗaya tak mai kyau, don biyu na matse ƙafa su hana jini gudu. Sai safar hannu, hular kwano, da baƙin tabarau, saboda hasken rana idan ya daki farin ƙanƙara ya dawo ido, yana iya kwantar da mutum kwana biyu yana hawaye. Kada wani ya ce fatarmu baƙa ce ba ruwanta da man kariya daga rana. Leɓena ya tsage fiye da yadda hunturun gida ya taɓa tsaga shi.

Akwai kuma sallah. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, wajen biyar ta faɗi, la'asar na shiga kafin uku. Azahar da la'asar duk a kan dutsen za su same ka, cire wannan takalmi mai tauri don wanke ƙafa kuwa aiki ne babba. Ni da alwalata nake fita daga gida. Mai shirin zuwa ya zauna da malaminsa tun a gida ya ji hukuncin shafa a kan huffi da na haɗa salloli a tafiya.

To batun zaɓe. Yadda mai noman rani ba ya zaɓen fadama don kyanta da damina, sai ya duba inda ruwa ke kaiwa bazara, haka ake duba tsayin waje kafin sunansa. Shekarun nan hunturu yana ɗumi, ƙananan wuraren da ke ƙasa-ƙasa kan wayi gari da ciyawa a Janairu, sai an kunna injinan da ke fesa ƙanƙarar haɗi. Val Thorens tana mita 2,300, ita ce mafi tsayi cikin wuraren zamiya na Turai, tana buɗewa daga ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu, kuma tana cikin wani yanki mai hanyoyin zamiya na kilomita 600. Amma ɗan koyo me zai yi da kilomita 600? Zai biya kuɗin duka, ya wuni a kan gangare ɗaya. Chamonix, wadda ake furtawa Shamoni, suna ne da ita: nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, a gindin Mont Blanc mai sama da mita 4,800. Kallo kam babu kamarta. Sai dai yawancin gangarenta na gwanaye ne, kuma wuraren a warwatse suke sai an bi mota. Wanda bai taɓa hawa jaki ba, ba a fara masa da ingarma ranar hawan sallah.

A Faransa launi huɗu ake sa wa hanyoyi: kore na ɗan koyo, shuɗi, ja, sai baƙi na ƙwararru. Abokina na Ingila, ka buɗe taswirar wajen ka ƙirga kore da shuɗi, ka duba ko akwai makarantar koyo ta yara, ka duba nisan masauki da bakin hanyar, don tafiyar minti goma da yaro cikin wannan takalmi tana cinye ƙarfin safiya. Ni Chamrousse nake kai baƙi. Kilomita 30 ce daga Grenoble, nan aka yi tseren gangare a gasar Olamfik ta hunturu ta 1968, ana iya kwana a gari inda masauki ya fi sauƙi kuma akwai masallatai da mahauta Musulmi, a hau bas da safe a dawo da yamma. Ka guji ƙarshen Disamba da watan Fabrairu, lokacin hutun makarantu ne, farashi na tashi, layi kamar na gidan mai.

Kai kuma ɗan Baffa, ba ka da dalilin neman bizar Turai don wannan. A can Turkiyya, dutsen Uludag na nan kusa da Bursa, Erciyes na nan a Kayseri, dutse mai mita 3,917. Abinci na halal, masallaci kusa, kuɗin kuma lira ne.

Kuɗi: katin hawa kujerun waya a manyan wurare ya haura yuro 60 a yini, ƙanana sun fi sauƙi sosai, sai hayar kaya da ladan mai koyarwa. Kada a sayi alluna, haya ake yi. Abin da ba zan yafe wa kowa ba shi ne inshora. Wani ɗan'uwanmu ɗan Maraɗi ya gurɗe gwiwa a gabana, masu ceto suka sauko da shi a kwance cikin wani abu kamar kwalekwale, bayan sati biyu takardar biyan ɗaruruwan yuro ta iso shi, domin a Faransa ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne. Inshorar yuro 30,000 da ake nema wajen bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai ba lallai ta ɗauki wasan dutse ba, a karanta ta da kyau.

Abinci dai a riƙa tambaya, naman alade da giya na shiga yawancin girkin cukunsu na kan dutse. Sauran maganar takardu sai wata wasiƙar, dare ya yi.

Inna, abin da ya kai ni shi ne shirun wajen. Idan kujerar ta yi sama ba ka jin komai sai ƙarar waya da numfashinka, irin shirun gona bayan an kwashe dawa. Ina sa hula, ina rufe kunne kamar yadda kika ce. Idan an samu mai zuwa a ba shi kuka da yaji, ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo.