Ramin Kawu a Riyad

Shekarun da Kawu ya yi yana jan tifa a Riyad, yawanci bayan isha'i yake bugo mana waya, lokacin su can dare ya fara nisa, tunda sun riga mu da awa biyu. Mahaifiyata takan ce, "Wai kana ina ne nake jin ƙara haka?" Shi kuma ya ce, "Yaya, ina cikin rami, ina layin lodi." Ranar da ta fara jin wannan magana ba ta runtsa ba. Shi kaɗai ne ƙaninta namiji, kuma ita ta goya shi. Sai da ya turo hoto hankalinta ya ɗan kwanta: wani makeken rami a tsakiyar gari, fitilu sun haske shi tar, tifofi a jere suna gangarawa kamar jerin tururuwa. Ya ce tashar jirgi ake ginawa a ƙarƙashin ƙasa. Tun daga ranar, a gidanmu na Kano, wurin ba shi da wani suna sai ramin Kawu.

Azumin 2025 Allah ya nufe ni da umra. Na yi goman ƙarshe a Makka, na yi idi a Harami, kuma da yake yanzu bizar umra ta ba mutum damar zaga sauran garuruwan ƙasar, kwana biyu bayan Sallah na ɗauki jakata. Jirgin ƙasa na Haramaini ya kai ni filin jirgin Jidda, daga nan jirgin sama ya sauke ni Riyad bayan kamar awa ɗaya da rabi.

Ɗan Kawu na biyu ne ya tare ni. A Riyad aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, amma yana hango ni ya ɗaga murya, "Taubashi! Sannu da hanya!" Hausarsa garau take, sai dai duk jimla uku sai "yalla" ko "halas" ta faɗo ciki. Na ɗauka wurin ajiye motoci za mu nufa, sai ya ja ni tashar jirgin da ke manne da filin. Mitiro suke ce masa. Ya saya mini kati, ya ce riyal 4 ne, kuma har awa biyu ina iya sauka daga wannan jirgi in hau wancan ba tare da na ƙara ko sisi ba.

Tsakanin mutum da hanyar jirgin akwai katangar gilashi, ƙofofinta ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya cak ƙofa ta yi daidai da ƙofa. Da jirgin ya ƙaraso na leƙa gabansa ina neman direba, ban ga kowa ba. Taubashina ya ce duk layukan shida haka suke, kwamfuta ke tuƙa su, kilomita 176 da tashoshi 85. Taragun an raba su: na iyali, na maza zalla, da na masu son biyan ƙari. Muka shiga na maza. Layin da muka hau shi ne mai launin rawaya. Ta taga na ga fili fetal da jar ƙasa, sannan gine-ginen Jami'ar Gimbiya Nura ta mata, waɗanda sai da muka jima muna tafiya kafin su ƙare.

A unguwar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullahi muka sauya jirgi. Tashar fara ce sol, an lanƙwasa bangonta kamar tudun rairayi da iska ta share. Ofishin Zaha Hadid ne ya zana ta, matar nan 'yar asalin Iraƙi, wadda ta rasu a 2016 ba ta ga an gama ba. Daga nan muka hau shuɗin layi, wanda ya ratsa gari daga arewa zuwa kudu. Can sai hasken rana ya ɓace, muka nutse, muna wucewa ta ƙarƙashin Ulayya mai dogayen benaye. Aka faɗi tashar gidan tarihi, aka faɗi Baɗaha. Da muryar sanarwa ta ce Kasarul Hukum, sai taubashina ya taɓa ni.

"Ga ramin Baba."

Na miƙe zan fita, ya riƙe mini hannu. "La, la. Baba ya ce ba mai kai ka sai shi." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "Shi ma bai taɓa sauka ba tun da aka buɗe."

Tasha ta uku daga nan ita ce Manfuha, unguwarsu. Tsohuwar unguwa ce mai lunguna, cike da baƙi 'yan ci-rani. Kawu na zaune a tabarma ya miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Rabona da shi shekara goma sha ɗaya. Gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa zan gaishe shi, ya janyo ni jikinsa, muka jima ba wanda ya ce uffan.

Matarsa, da muke kira Hajiya, haifaffiyar Makka ce. Kakanta da ƙafa ya baro ƙasar Hausa, ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara guzuri, sannan ya tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda, bai koma ba. Ta kawo mana kabsa, dafa-dukar shinkafa da nama ta Saudiyya, ta kuma kawo nama mai ƙuli da yaji da albasa. Ta ce a Makka da Jidda sire ake ce masa, har Larabawa layi suke yi wajen saye. Tsirenmu ne, harafi ɗaya kawai ya faɗi a hanya.

Bayan mun ci, aka dafa shayi, na tambayi Kawu yadda aikin ya kasance. Ashe jira yake a tambaye shi.

Ya ce ƙasar Riyad ba irin ta Kano ba ce. Ka ɗan haƙa kaɗan sai ka tarar da farin dutse, sai an sa manyan injuna sun yi ta sara dare da rana. Su masu tifa aikinsu kwashewa. Yawanci da daddare suke yi, saboda manyan motoci ba su da damar ratsa gari a lokutan cunkoso. Ka gangara, ka jira, a loda maka, ka hauro da giya ɗaya motar tana nishi, ka fita bayan gari ka juye, ka dawo. Da bazara kuwa, ya ce ƙasan ramin kamar tukunya yake, iska ba ta shiga. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, amma dutsen da ya sha rana wuni guda yakan riƙe zafinsa har asuba.

Abin da ya fi ba shi mamaki ita ce na'urar da ke huda hanyar jirgin. "Ɗana, gafiya ce ta ƙarfe," in ji shi. "Gabanta yana juyawa yana cin dutse, bayanta yana jera kankare zagaye-zagaye. Mutane na sama suna cinikinsu ba su san tana wucewa ta ƙarƙashinsu ba." Ya lissafa mini waɗanda suka yi aiki tare: 'yan Bangaladash, Indiyawa, 'yan Pakistan, 'yan Nepal, 'yan Filifin, Misirawa, 'yan Sudan. Da guntun Larabci suke fahimtar juna, sauran kuma da hannu. Akwai wani ɗan Nepal mai ba da hannu a bakin gangara, shekara biyu kullum sai sun gaisa, har suka rabu Kawu bai san sunansa na gaskiya ba.

Bai ɓoye mini ɗacin abin ba. An fara aikin a 2014, mutane na sa rai da kamar shekara biyar, sai da aka ci goma, korona ma ta shigo tsakani. Tituna a toshe, shinge ko'ina. Wani abokinsa tela ɗan Sudan, da shingen ya rufe masa ƙofar shago, ya yi ta haƙuri har ya gaji ya tattara ya koma gida. Sarki Salman ya ƙaddamar da jirgin a ƙarshen Nuwamban 2024, aka fara ɗaukar fasinja ranar 1 ga Disamba, amma tashar Kasarul Hukum sai 26 ga Fabrairun 2025 aka buɗe ta, ana saura 'yan kwanaki azumi. Na ce, "Kawu, to me ya hana ka zuwa?" Ya ce da fari azumi ne, sannan gwiwa. Ya kurɓi shayi. "Kuma ba na son in je ni kaɗai. Ina son wanda zai koma ya gaya wa Yaya."

Washegari muka ɗauki tasi zuwa Dira, tsohuwar unguwar tsakiyar gari, don ya ce ta sama yake son shiga tashar, ta inda ya saba. Muka yi la'asar a masallacin Imam Turki bin Abdullahi, muka tsaya gaban Masmak, ganuwar ƙasa da Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a 1902, inda labarin wannan daula ya soma. Kawu ya ce har yau tsinin mashi na nan kafe a ƙyauren. Ni abin da ya kama idona ginin ne kansa: jar laka, bango mai kauri, ƙananan tagogi. Wanda ya girma yana ganin Gidan Makama ba zai ji baƙunta a gabansa ba. Muka ratsa Kasuwar Zal, ƙamshin turaren wuta ya cika ko'ina, ana cinikin darduma da alkyabba, muna tafe sannu-sannu saboda ƙafarsa.

Sai ga tashar. Wata ƙatuwar rumfa ce ta ƙarfe mai sheƙi, kamar an ɗora faifan azurfa a tsakiyar fili. Ƙasanta madubi ne. In ka tsaya ka ɗaga kai, za ka ga kanka da duk masu wucewa, ka kuma hango can cikin ramin. Kamfanin Snøhetta na ƙasar Norwe ne ya zana ta, kuma ba don ado kawai aka goge ƙarfen ba, shi ke karkato hasken rana ya tura shi ƙasa. Kawu ya daɗe yana kallo. Ya juya gabas, ya juya yamma, yana neman alama. Can ya nuna wani gefe da sandarsa. "Ta nan muke shigowa. Nan ɗan Nepal ɗin nan yake tsayawa."

Akwai lif, amma ya ce matakala mai tafiya da kanta zai bi, yana son ya ga kowane hawa. Na riƙe masa hannu muka taka. Muka sauka hawa ɗaya, muka sake sauka, muka sake. Zurfin wurin ya kai kimanin mita 35. A bangon an huda tagogi masu kusurwa uku irin na gidajen ƙasa na Najadu, yankin da Riyad take, haske na ratsowa ta cikinsu. Jirgin layi mai ruwan lemo ya wuce ta cikin wani bututun gilashi, muna ganin fasinjoji suna ganinmu. Sanyi ko'ina, ba ƙura, ba hayaƙi. Kawu sai salati yake yi ƙasa-ƙasa.

Na lura da masu hawa da sauka. Lebura da kayan aikinsa a leda, ɗalibai mata da jakunkuna, dattijo Balarabe da jikokinsa, ma'aikacin banki da kwat. Riyad gari ne da aka gina don mai mota, shekara da shekaru wanda ba shi da ita sai ya zuba rabin abin da ya samu a tasi. Yau da riyal 4 zai ratsa garin a zaune cikin sanyi. Na tuna masu fitowa daga Rijiyar Zaki ko Mariri da sassafe, su hau adaidaita biyu ko uku kafin su kai Kantin Kwari, kuɗin mota ya cinye ribar wuni. Raina ya sosu ƙwarai, don wahalar da na sani ce ta mutanen da na sani.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Sunan waɗanda suka zana tashar yana cikin jaridu, kuma sun cancanta. Amma dubban da suka sare dutsen nan suka kwashe shi, yawancinsu kwangila ta ƙare sun koma ƙasashensu, da wuya su taɓa hawa jirgin. Da ni ake shawara, da an ware bango guda an rubuta ko da sunayen ƙasashensu ne.

A can ƙasa lambu muka tarar. Itatuwa da shuke-shuke kore shar, da wuraren zama, hasken da rumfar ta turo yana sauka a kansu. Kawu ya saki hannuna ya taka shi kaɗai har tsakiya. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daɗe, kamar mai auna nisa. Ya ce a nan ƙasa akwai daren da tayarsa ta fashe da lodi a kai, ya kwana a cikin mota, da asuba ya yi taimama da ƙurar dutsen ya yi salla a gefen tifa. Ya zauna a kan benci, ya shafa fuskarsa da gefen hiraminsa.

"Kira mini Yaya," ya ce.

A Kano lokacin la'asar ta gabato. Na kira ta bidiyo, ƙanwata ta ɗauka ta miƙa mata. Mahaifiyata ta matso da fuskarta kusa da wayar, ta ga ganye a bayansa, ta ce, "A'a, kuna ina haka? Gidan gona kuka je?"

Kawu ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa. "Yaya, ina cikin rami."

Ta yi shiru. Na karɓi wayar na juya ta a hankali, na nuna mata itatuwan, da tagogin, da matakalu suna hawa da mutane, da madubin can sama. Ina ji tana cewa "Masha Allahu, masha Allahu," sannan ta ce in mayar mata da ƙaninta. Na ba shi wayar na matsa gefe. Sun fi minti ashirin suna magana. Jiragen Manfuha suka yi ta zuwa suna wucewa, sai da aka kusa kiran magariba muka hau.