Tsakiyar Kumasi a Ƙafa

Bas ɗin da ta ɗauko mu daga tashar Circle a Akra ta yi kusan awa shida kafin ta cinye kilomita 250 ɗin da ke tsakanin Akra da Kumasi. Ta bi ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo, ta sauke mu a tashar Asafo bayan la'asar. Daga Ejisu zuwa cikin gari kuwa jan ciki kawai muka yi ta yi. Ina sauka masu tasi suka yi mini caa, amma mai masaukina ya riga ya ja mini kunne a waya: "Malam, in dai jaka ɗaya ce a hannunka, kada ka hau komai. Tako abinka." Na tako. Cikin minti 25 ina unguwar Alabar, inda masaukina yake, motocin da na bari a mararraba kuwa ba su yi wani nisa ba.

Mako biyu na yi a garin, ina duba agogo a duk inda na nufa. Wanda zai zauna a nan ba mota, abu na farko da zai gane shi ne fasalin ƙasar. Tsakiyar Kumasi kamar akushi take. Kasuwar Kejetia da filin tsohuwar babbar kasuwa suna can ƙasa a cikin kwari, inda rafin Subin ya ratsa, unguwanni kuma sun hau tuddai sun kewaye su. Adum, inda bankuna da manyan kantuna da gidan waya suke, tana tudu ɗaya. Roman Hill da cocin Katolika na Saint Peter suna wani. Manhyia, da ake furtawa Manshiya, fadar sarkin Ashanti ko Tonawa kamar yadda 'yan zango ke kiran su, tana arewa. Bantama da asibitin Komfo Anokye, wanda kowa ke ce wa Ji, suna yamma. Zangonni su Akwatia Line da Asawase da Aboabo sun miƙa gabas. Saboda haka kusan kowace tafiya gangara ce sannan hawa, kuma hawan shi ne lissafin.

A tafiyar mai lafiya marar gaggawa, daga Alabar zuwa Kejetia minti 10 ne. Daga Kejetia zuwa tsakiyar Adum, wajen tsohuwar ganuwar sojan da yanzu ta zama gidan tarihi, minti 15. Zuwa Ji ma kamar haka, ta gefen gidan namun daji. Manhyia kimanin minti 20, mafi yawansa hawa. Wannan lissafin safe ne, kafin ƙarfe bakwai da rabi. Daga goma zuwa Magariba sai ka ƙara rabinsa a kai, don a lokacin ƙafarka ba ita ke yanke saurinka ba, taron da ke gabanka ne.

Kada wani ya ji an ce gari ne na tafiyar ƙafa ya zaci an shimfiɗa masa hanya. Abin da ya sa ƙafa ta wadatar shi ne komai na kusa da komai: masallaci, chemis, tela, mai gyaran waya, rumfar MoMo ta tura kuɗi ta waya, mahauci. Daɓen gefen titi kuwa 'yan tireda sun cinye shi. Dalili a fili yake. Sabon ginin Kejetia yana da shaguna fiye da dubu takwas da tashar mota a ƙasansa, amma kashi na biyu, wanda aka aza harsashinsa a 2019 a filin tsohuwar kasuwa, ya ja lokaci mai tsawo. An tashi masu rumfuna, an tura wasu kasuwannin Racecourse da Abinkyi, ciniki bai bi su can ba, da yawa suka dawo bakin titi suka baza kaya. Mai tafiya sai ya sauka kan kwalta, yana raba hanya da mota. Ka bi gefen da za ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, jakarka a gaba, waya a aljihun da ke da zif.

Idan ka ji "agoo!" a bayanka, kada ka waiwaya, ka matsa gefe tukuna. Ko mai tura kura ne da ya taho gangara ba birki, ko yarinya ce da kaya a ka wadda ba ta iya juya wuya.

Kwata ita ce babban haɗari. An rufe wasu da falankin siminti, amma nan da can za ka tarar ɗaya ya karye ko an ɗauke shi, an jefa katako a gurbin. Da rana ido na gani. Da dare, ko in ruwan sama ya shafe titi da kwata suka zama ɗaya, nan ake karya ƙafa. Damina biyu ake yi a nan, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, kuma duk ruwan tuddan nan kwari yake gangarowa. In hadari ya haɗu kana ƙasa, ka haura tun bai sauko ba ko ka fake a cikin ginin kasuwa. Silifas ɗin soso yana zamewa a kan jar lakar gangara, takalmin fata kuma ruwa na kashe shi cikin mako. Sandal mai maɗauri a dunduniya da gindin roba mai tsaga-tsaga ya fi. Lema 'yar ƙarama mai naɗewa ta isa, babba sai ta yi ta karo da rumfunan mutane.

Sai maganar kaya, wadda ita ce ainihin jarrabawar rashin mota. Magidantan da na gani a zango sun raba sayayya gida biyu. Cefanen yau da gobe, su tumatir da attaruhu da kifi, a hannu ake ɗauka, kilo huɗu ko biyar a jaka biyu don nauyi ya daidaita a hawan tudu. Manyan kaya kuwa, buhun shinkafa mai kilo 25, doya, gawayi, masara olonka (gwangwanin awo) goma, sau ɗaya ake saye a wata, a ɗora wa aboboya, babur mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. Maƙwabta biyu ko uku kan haɗa kuɗi su ɗauki ɗaya. Tukunyar gas mai kilo 6 ta fi dacewa da mai ƙafa, mai kilo 14.5 in an cika ta sai an nemi abin hawa. Jarkar nan rawaya da ake kira galan Kufuor, in mai lita 25 ce cike da ruwa, kilo 25 ke nan, kada a ɗora wa yaro.

Tsakanin hannu da aboboya akwai 'yan kaya, waɗanda a Akra ake ce wa kayayei, a nan kuma pawopa. Sunan na Akra rabinsa kalmarmu ce ta kaya. Yawancinsu 'yan mata ne daga arewacin Ghana, da babban kwanon silba a ka, wasu da goyo a baya. A bakin layin doya na tsaya kusa da wata da ake lodawa. Ta naɗe tsumma ta yi gammo, ta durƙusa, mata biyu suka ɗaga kwanon suka aza mata. Da ta miƙe sai jijiyoyin wuyanta suka fito, ta tsaya cak na ɗan lokaci har nauyin ya zauna, sannan ta ɗaga ƙafa. Wata dattijuwa mai sayayya ta dube ta, ta ce, "A'a, 'yata, sauke. A rage biyar, a kira 'yar'uwarki." Yarinyar ta ce, "Zan iya, Hajiya." Hajiya ba ta yarda ba. Haka ya kamata. Sauƙin da mutum ke ji na zama ba mota, rabinsa a wuyan yaran nan yake. A yi ciniki kafin a ɗora, a faɗi inda za a kai da gaskiya har da tudun da ke hanya, a raba kaya in ya yi yawa, a taya ta saukewa, a biya ta nan take ba tare da an sa ta jiran canji ba.

Abin hawa yana da ranarsa. Tech Junction wajen jami'a, ko Suame Magazine garin makanikai, ko Sofoline, duk sun fi ƙarfin ƙafa, sai torotoro, ƙaramar bas ta haya. A tasha ba ta tashi sai ta cika. Yaron mota, da ake kira met, shi ke karɓar kuɗi, ka riƙe takardun sidi, kuɗin Ghana, na biyar da na goma da 'yan sulalla, don in ka miƙa ɗari da safe za ka sha jira. Da yamma wasu direbobi kan yanka hanya gida biyu, su sauke mutane a tsakiya su sake lodi, a biya sau biyu. Ka tambayi met ƙarshen tafiyarsa kafin ka sa ƙafa. A-daidaita-sahu, da suke kira pragya, ya cika Aboabo da Asawase, amma a 2023 hukumar birnin ta hana shi shiga tsakiyar kasuwanci, don haka sau da yawa a baki zai ajiye ka. Mai motar kansa ma in ya shigo Adum sai ya biya kuɗin ajiya, in ya samu gurbin ke nan, in ya tsaya inda aka hana a sa wa tayarsa mari.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffi da masu ciwon gwiwa. Tudun Manhyia ba wasa ba ne gare su, wurin zama a huta babu, keken guragu kuma ba ya iya bin layin kasuwa. Su kam tasi da sassafe ko ranar Lahadi, lokacin da Adum ke yin shiru har ka ga faɗin titinta.

Ranar Juma'a na bi ayari daga Alabar zuwa babban masallacin Kumasi, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara. Minti 15 ne a ƙafa, ta lungunan da ko aboboya ba ya shiga. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa a wajen mai abincin da kowa ke kira Amariya, da yamma hayaƙin tsitsinga, wato tsire, ya turnuƙe bakin titi. Ruwan leda rabin lita ne, guda huɗu ko biyar na kan sha a yini mai zafi.

Ranar komawa na bar Alabar bayan sallar Asuba. 'Yan kaya suna kwance jere a barandar shaguna, kowace da kwanonta a gefe, masu shara sun fara aiki. Minti 18 ya kai ni Asafo, bas ta farko ko rabi ba ta cika ba.