Lithops, Tsiron da Ke Sajewa da Tsakuwa

A shekarar 1811 wani Baturen Ingila mai binciken tsirrai, William Burchell, ya sunkuya a yankin Prieska na Afirka ta Kudu ya ɗauki abin da ya zaci tsakuwa ce, sai ya tarar ashe tsiro ne mai rai. Sai a 1922 masani N. E. Brown ya ware wa waɗannan tsirrai rukuni nasu da sunan Lithops, wanda a yau aka san yana da nau'i kusan 37, a busassun yankunan Namibiya da Afirka ta Kudu da wani gefe na Botswana.

Jikin tsiron duka ganye biyu ne masu kauri, cike da ruwa, manne da juna da tsaga a tsakani kamar kofaton akuya. Yawancinsa a binne yake, samansa kaɗai ke leƙowa, kuma launinsa da ɗige-ɗigensa sukan yi daidai da duwatsun da ke kewaye da shi, yadda dabba mai ƙishirwa za ta wuce ba ta lura ba. Saman ganyen yana barin haske ya ratsa ta cikin ruwan da ke ajiye har ya kai ga koren sashen da ke ciki, inda ake haɗa abinci nesa da ƙunar rana. Da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa, lokacin da iska ta yi sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake sauya ganye. Kowace shekara sababbin ganye biyu suna tasowa a cikin tsofaffin, suna tsotse ruwansu sannu a hankali har tsofaffin su yamushe su zama busasshiyar fata, ba tare da an nemi ɗigon ruwa daga waje ba. Shi ya sa mai rainonsa a tukunya, idan tausayi ya sa ya yi ta ba shi ruwa a wannan lokaci, yakan ruɓar da shi.

Furen, fari ko rawaya, ta tsagar yake fitowa, yana buɗewa da yamma, wani lokaci har ya rufe jikin tsiron. Kwanson irin kuwa ba ya buɗewa sai ruwan sama ya jiƙa shi, sa'annan ɗigon ruwan ya fantsamar da ƙwayoyin.

Wasu nau'o'in a ɗan ƙaramin fili kaɗai suke rayuwa, kamar Lithops optica na gaɓar teku kusa da garin Lüderitz a Namibiya, wanda hazon teku ke taimaka wa da laima. Haƙar ma'adinai da masu tonon tsirrai a ɓoye domin sayarwa ƙetare suna iya share irin wannan wuri gaba ɗaya, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin babu buƙatar tono shi daga daji: Lithops yana tsirowa daga iri ba wuya, yakan kuma yi fure cikin shekara uku zuwa huɗu a hannun mai haƙuri.