Aikin jinya a Doro, kusa da bakin daga

Ikilisiyarmu ce ta aiko ni daga Kaduna zuwa Maban, a jihar Upper Nile ta Sudan ta Kudu, cikin 2012, ƙasar ba ta ko cika shekara da samun 'yanci ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma. Tun watan Satumba na 2011 yaƙi ya ɓarke a jihar Blue Nile ta Sudan tsakanin sojojin Khartum da 'yan tawayen SPLM-N, jama'ar Uduk da Ingasana suka yi ta tsallako iyaka a ƙafa, aka kafa wa wasunsu sansani a Doro, dab da garin Bunj.

'Yan gida suna zaton ɗinkin raunin harsashi nake yi dare da rana. Ina! Abin da ya fi cin mutane shi ne zawo da zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Da damina ta sauka, baƙar laka ta riƙe mota da ƙafa, shaddodi suka cika suka tumbatsa, sai ciwon hanta nau'in E ya shiga sansanonin ta gurɓataccen ruwa. Mace mai ciki za ta zo ido ya yi rawaya, kafin a ankara ta suma, kuma ba wani maganin da ke kashe cutar kai tsaye. Ruwan jijiya, addu'a, da wa'azin sabulu. Na tabbata mai gyaran famfon burtsatse ya ceci rayuka fiye da ni a shekarar nan, ko da yake ba wanda ya taɓa kiransa ɗan mishan.

Wurin ba baƙon yaƙi ba ne. A 1940 jiragen Italiya sun jefa bam a tashar ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) da ke Doro, suka kashe Dakta Robert Grieve da matarsa Claire. Matan da nake duba su kuwa kunnensu ya riga idonsu: da an ji gurnanin jirgi, uwa ta fizgi ɗanta ta nufi ƙofa, ko da jirgin kayan agaji ne, domin Antonov, jirgin da sojojin Khartum ke jefa bam da shi, shi ya koro su daga ƙauyukansu.

Zama bai yi mini wuya kamar abokan aikina Turawa ba. Asida tuwon dawa ce, miyar busasshiyar kuɓewa ma tamu ce, kisra, wata siririyar waina ta garin dawa, kaɗai na koya. Larabcin kasuwa na tsinta a bakin masu naƙuda. Da rani Fulani makiyaya sukan sauko da shanu, wata dattijuwa a cikinsu ta ji ina waya da Hausa, ta ce, "'Yata, daga ina?" Ashe dattijuwar ta taɓa zama a Damazin, babban birnin Blue Nile, cikin Hausawa. Tun daga nan ba ta zuwa ba tare da nono ba.

Disamban 2013 Sudan ta Kudu ta faɗa nata yaƙin basasar. A Agustan 2014 wasu 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan agaji 'yan ƙabilar Nuer a Maban, aka kwashe mu baƙi a jirgi. Abokan aikinmu 'yan ƙasa da matan sansani ba su da fasfo ɗin fita, su suka riƙe ɗakin haihuwa. Da hanya ta buɗe na kira mahaifiyata na ce zan koma.

"Ke dai ba kya jin magana," in ji ta. "To, tafi da daddawa da kuka."